Kofin da Ya Hana Baba Gyangyaɗi

Ban sani ba ko daidai ne in ce ni na sa Baba ya rasa kujerarsa ta dattijon ikilisiya. Wataƙila da ma tsufa ne ya zo. Amma duk lokacin da na juya maganar, a kan gwangwanin kofi guda nake tsayawa.

Shekarar da na gama jami'a aka ba ni koyarwa a wata sakandare a Kafanchan. Ina zaune a gari, ranar Asabar in hau keke in tafi ƙauyenmu. Baba manomin citta ne, kuma yana cikin dattawan da ke zama a bencin gaba, suna fuskantar jama'a. Matsalarsa gyangyaɗi. Da fasto ya kai tsakiyar wa'azi sai kan Baba ya fara sauka, matan ƙungiyar zumunta ta majami'a suna taɓa juna. Da can goro ne ke riƙe shi, yana ɓoye ɓari a kunci, har ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan ta auna shi, ta ce jininsa ya hau, ta hana shi. Zaɓen dattawa kuwa saura wata uku, kuma an fara ƙus-ƙus a kansa.

A wannan tsakanin wata Baturiyar mishan da za ta koma ƙasarsu ta yi gwanjon kayan gidanta. A can na ga gwangwanin garin kofi, irin wanda ake zuba wa ruwan zafi kawai a motsa. Na tuna yadda muke shansa lokacin jarrabawa, na saya. Sai da na isa ɗakina na karanta rubutun jikinsa: an cire masa sinadarin da ke hana barci. Raina ya ɓaci. Na dama na ɗanɗana, kamar an jiƙa ƙonanniyar dawa, ɗaci ba amfani. Daga baya na lallashi kaina cewa gara haka, tunda kofi na ainihi zai iya yi wa jinin Baba abin da goro ya yi.

Na yi niyyar yi masa bayani, Allah ya sani. Na ce, "Baba, wannan kofi ne, amma irin wanda..."

"Wanda Turawa ke sha idonsu ya bushe? Kawo."

Na miƙa masa. Na ce wa kaina zan ƙarasa maganar wani mako.

Ranar Lahadi da safe Mama ta dama masa da sukari da ɗan garin citta. Baba ya shanye, ya murtuke fuska, ya ce lallai wannan magani ne. Ya zauna a bencinsa ido buɗe tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa. Haka Lahadi ta biyu, haka ta bakwai. Ni tarihi na karanta, ba likitanci ba, ban san me ke aiki ba. Ko cittar ce, ko ɗacin, ko yardar da ya yi. Abin da na sani shi ne ina zaune cikin majami'a da rabin magana a bakina, kuma ni ne yanzu ba na jin wa'azi.

Ranar godiyar kaka, da ake kawo amfanin gona majami'a, Baba ya miƙe ya ba da shaida. Ya gode wa Ubangiji da ya ba shi ɗa mai digiri, wanda ya samo masa maganin gyangyaɗi. Aka yi tafi. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunyar yabo ce.

Bayan an tashi, muna tsaye gindin mangwaro da Baba da wasu dattawa biyu, sai ga mijin ƙanwar Mama, direban babbar mota, mai ɗaukar buhunan citta da fasinja zuwa kasuwar Gwantu.

Ya ce mini, "Malam Digiri, a ɗebo mini cokali biyu na kofin nan mana. Hanyar nan da rana barci take sa ni."

Na hango mota cike da mata da kaya, direba ya dogara da abin da babu komai a ciki. Har yau ina ganin dole ne in faɗa masa. Inda na yi wauta shi ne wurin da na faɗa. Na fara bayani tiryan-tiryan, kamar ina gaban aji, yadda ake jiƙa 'ya'yan kofi a cire sinadarin kafin a niƙa.

Baba ya katse ni. "Wato ruwan zafi nake sha?"

"Ba haka ba ne gaba ɗaya, Baba. An ce akan samu ɗan kaɗan ya rage..."

"Akwai ko babu?"

"Kusan babu."

Direban ya fashe da dariya, ya buga aljihunsa. "Haba Malam! Ni ɗanɗanawa kawai zan yi, in ji abin da Turawa ke ji. Ga goro cike da aljihu." Dattawan nan biyu ba su yi dariya ba, kallon Baba kawai suka yi.

A gida Mama ta ce, "Duk karatun nan, ba a koya maka ka ja mutum gefe ba?"

Lahadi ta gaba Mama ta dama masa kamar kullum. Ya sha. Kafin fasto ya gama karanta aya kansa ya sauka, Littafi Mai Tsarki ya zame daga cinyarsa ya faɗi ƙasa, har na bayan majami'a suka ji. Saura mako biyu zaɓe. Ba a mayar da shi ba.

Na koma da gwangwanin Kafanchan. Zubarwa ɓarna ce, don haka na riƙa sha kowace safiya har ya ƙare, ban ji daɗin ko kurɓi ɗaya ba. In an tambaye ni ko irin wannan kofi ya cancanci sha, nakan ce ban tabbata ba. A wurina bai yi komai ba. A wurin Baba ya yi aiki sosai, har ranar da na buɗe baki.

Baba ya koma bencin baya kusa da taga, yana barcinsa ba mai kallo. Bai sake tayar da maganar ba. Sai dai duk abin gwangwani da na kawo gida, ko madara ko kifi, yakan juya shi a hannu, ya dube ni ya ce, "Wannan kuma me aka cire masa?"