Malam Munzali, Tafintan Ranar Juma'a

Da an idar da sallar asuba Malam Munzali Hambali yake tayar da bas, ya kwashi masu shara da masu lodin kaya daga masaukinsu na unguwar Mesaimeer, can ƙasar Larabawa, zuwa filin jirgi. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wannan jigila, ga shi ƙarshen watan nan zai koma Gusau.

A birnin Malabo ya yi samartakarsa, can ya iya Sifaniyanci. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya haska fim a bangon ɗakin cin abinci, ya tsaya gefe yana fassarawa da Hausa. Ba ya kawo na dambe ko na soyayya. Nasa na talakawan unguwa ne a Meziko ko Ajantina: magina, 'yan hayar da za a kora, matan da ke fafutukar a kawo musu famfo.

A tsakiyar zafin bara na'urorin sanyaya ɗakunan masaukin suka lalace, har mako uku. Kowa na gunaguni a gadonsa, kowa na tsoron a ce shi ne mai tayar da fitina, a sallame shi. Ran Juma'a Malam ya nuna fim ɗin wasu maƙwabta da suka sa hannu a takardar koke guda. Da aka gama, Ghali, wani mai gadi, ya ce, "Malam, waɗannan ai mu ne, yare ne kawai ya bambanta."

"To ɗauko biro," in ji Malam. "Ban da zagi, ban da ihu. Kuma sunana za ka fara rubutawa, in kora ce a fara da ni."

Mutum sittin da biyu suka sa hannu. Malam ne ya kai wa manajan kamfanin takardar da kansa. Kwana huɗu aka yi ba labari, Malam bai fasa tuƙinsa ba. A rana ta biyar masu gyara suka iso.

Tafintan talakawa, kai ne ka nuna wa mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya cewa su maƙwabta ne. Mun gode, Allah ya kai ka gida lafiya.

Mu kuma da muka rage, duk wanda ya iya wani abu, yare ne ko rubutu, ya fito da shi. Akwai wanda ke jira.