Shaidar da Na Bayar a Taloka

Shekarar da ruwa ya yi jinkiri har aka fita roƙon ruwa sau biyu a Wurno, ina saƙa a rumfar masaƙa ta bakin kasuwa. Ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Zamanin mulkin Nasara ne. A lokacin, duk sa'ad da sama ta riƙe ruwa sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. A wannan karon magana ta fito daga gidan hakimi cewa a kori 'yan daudu da mata masu zaman kansu daga gari. Dogarai suka shiga zagaya kasuwanni, tun daga Wurno har Goronyo.

Akwai abin da mutanen unguwarmu ba su sani ba game da ni. A bayan mahauta akwai wani tsoho mai sayar da tuwo, ɗan daudu ne da kowa ya sani. A kasuwa Baba mai tuwo ake ce masa, mu kuwa in mun keɓe Inna muke kiransa. A gidansa muke taruwa ran kasuwa bayan la'asar, mu goma sha wani abu, maza waɗanda zuciyarmu ta karkata ga maza 'yan'uwanmu. Wasu daga Rabah suke zuwa, wasu daga Goronyo da ƙauyukanta. Biyu ko uku ne kawai aka sani. Sauranmu manoma ne da maƙera da masaƙa, yawanci masu iyali. Mu ci tuwo, mu yi hira ba tare da waige-waige ba. In ɗayanmu ya kwanta ciwo mu yi jinyarsa bi da bi, mu nome masa gona. In dangi sun kori wani, Inna ya shimfiɗa masa tabarma har ya samu inda zai sa kansa. Dokarmu ɗaya ce: in an haɗu a waje, gaisuwa kawai, irin ta kowa da kowa.

Cikinmu akwai wani manomin albasa da ke zaune a Taloka, asalinsa mutumin Rara ne. Wani Bafillace ya taɓa kawo shanunsa su yi masa taki a gona bayan kaka, daga nan bai sake tashi ba. Ya kafa bukka a gefen gonar, suka zauna fiye da shekara goma sha biyar. Mutanen Taloka suna ce masa baran mai albasa. Mu mun san ba bara ba ne.

A wannan bazarar ciwon ciki ya kwantar da mai albasa. Da layin jinya ya zo kaina, Inna ya ce zai raka ni, don ko ba komai ya ɗan kauce wa dogaran Wurno. Ya ce in ɗauko farin saƙi ƙwarya guda, wanda zai isa riga, cikin nawa. Ban tambaye shi dalili ba, na gane. A gida na ce zan tafi Goronyo neman zare.

Mun tarar da shi ya rame, sai idanu. Bafillace yana zaune a gefensa yana ɗiga masa nono a baki da ludayi. Ran da muka kwana biyu, da hantsi, ya yafuto mu da hannu, ni da Inna.

“Inna, in ta Allah ta kasance, kada a bari wani shi wanke ni.” Ya nuna Bafillace da haɓa. “Shi nika so. Ba wanda zai ga jikina sai shi. Masaƙi, kai ma ka ji.”

Na ce, “Na ji.”

Da yammacin ranar wansa ya iso daga Rara, don an aika masa. Dogon mutum ne mai kaurin murya, bai taɓa tako Taloka ba sai ran nan. Yana shiga ɗaki ya dubi Bafillace ya ce ya fita ya ba dangi wuri. Bafillace ya ajiye ludayin ya fita, ya tsuguna a bakin danga. Daga nan ya ji rasuwar, washegari bayan an sauko daga sallar asuba.

Kafin rana ta ɗaga mutane sun taru a ƙofar gida. Liman ya zo, wani tsoho mai ƙaramin jiki, aka shimfiɗa masa buzu a gindin bishiyar bedi. Masu haƙa suka tafi maƙabarta. Can gefe kuma na hangi jar riga: wani dogari ne da aka turo daga Goronyo kan maganar korar nan, ya kwana a gidan mai gari, ya biyo jama'a zuwa jana'iza. Na ja baya na shige cikin mutanen gari, kamar baƙon da mutuwa ta riska a hanya.

Aka kawo ruwa a tulu, aka kafa zana a bayan ɗaki. Wan mamaci ya fara naɗe hannun riga. Sai Bafillace ya miƙe daga bakin danga ya tako a hankali har gaban liman. Inna ne ya matso ya durƙusa, ya yi magana a madadinsa.

“Allah shi gafarta Malam, mamaci ya bar wasiyya. Ya ce wanga bawan Allah shi wanke shi.”

Wan mamaci ya juyo. “Mi? Ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Mi yah haɗa baran shanu da gawar ɗan mutane?” Ya ƙura wa Inna ido, sai ya yi wata 'yar dariya. “Malam, ka san ko wane na wanga? Mai tuwon Wurno na. Irinsu na sunka hana muna ruwa. Shaidar ɗan daudu za a karɓa bisa gawa?”

Na ga dogari ya gyara zama, ya ɗora sandarsa a kan cinya.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Inna, “Ban da kai, akwai wanda yaj ji?”

Ina tsaye bai fi taku biyar daga bayan Inna ba. Na jira ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Ya dubi ƙasa ya ce, “Allah ya ji, Malam.”

Na gane abin da ya yi. Ya rufa mini asiri, ya bar mini hanya in koma Wurno yadda na fito. Kuma wallahi na so in bi hanyar. Na tuna babbar 'yata da ake maganar aurenta, na tuna surukina da ke da bakin magana a masallacin unguwa, na tuna yadda na ga dogarai sun fito da kayan wata mata sun watsa a titi. Na ce a raina ai wanka wanka ne, ko wa ya yi, mamaci ba zai sani ba.

Liman ya nisa ya ce, “To, in babu na biyu, dangi su aka ba.”

Wan mamaci ya sunkuya ya ɗauki buta. Bafillace ya juya zai koma bakin danga, ya ratsa ta gabana, bai ko dube ni ba. Hannayensa kawai na gani, yana ta murza su a jikin riga kamar mai goge wani abu.

“Ni na ji, Malam.”

Sai da kawuna suka juyo na tabbata daga bakina ta fito.

Liman ya ce, “Matso. Kai wane na?”

“Masaƙi na, daga Wurno.”

Wan mamaci ya ajiye butar. “Mi yak kawo masaƙin Wurno ɗakin ƙanena?”

Maganar zare tana kan harshena, na riga na faɗa wa mutum biyu a garin. Amma ina gaban liman, gawa tana bayan zana, kuma shaida zan bayar. Na ga in na soma da ƙarya, sauran ma ta lalace.

Na ce, “Jinya niz zo yi. Aminina na.”

“Tare da wanga?” Ya nuna Inna da baki.

“Tare da shi.”

Wani ya yi tsaki a bayana. Wanda ke kusa da ni ya ɗan janye kafaɗarsa. Liman ya sa na maimaita maganar mamaci kalma bayan kalma, na maimaita, har da inda ya ce ba wanda zai ga jikinsa sai shi. Da na faɗi wannan sai wan mamaci ya kawar da kai.

Liman ya daɗe yana jan tasbaha. Sa'an nan ya ce, “Wanga mamaci da wanga Bafillace, shekaru ina ganin su bayana ga sahu. Abin da ban gani ba, ba a tambayata shi gobe kiyama. Wasiyya amana ta. Bafillace shi wanke, kai wan mamaci ka zuba mai ruwa. Ku tashi, rana tana yi, gawa ba ta jira.”

Wan mamaci ya buɗe baki, liman ya ɗaga hannu. Sai wan ya sake ɗaukar butar.

Iska tana kaɗa zanar, aka ce wani ya riƙe. Ba wanda ya motsa, sai ni na je na riƙe, na ba su baya. Ina jin zubar ruwan. Da farko da ƙarfi wan mamaci yake kwarara shi, har yana fallatso mini a dunduniya. Bafillace yana ta magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, ban san mi yake cewa ba. Can sai zubar ta lafa, ta koma kaɗan-kaɗan. Na ji wan mamaci ya ce, “Ga wani tabo nan ga ƙafa, tun muna yara na, lauje yas sare shi.” Bafillace ya ce, “Ya gaya min.” Da farin saƙina aka yi masa likkafani.

Muna dawowa daga maƙabarta dogari ya tare mu a hanya. Ya ce wa Inna kada ya kuskura ya kwana a ƙasar Goronyo, kuma Wurno ma an san da zamansa. Ni kuwa ya tambaye ni unguwarmu da sunan mai unguwa. Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu don ya riƙe.

Inna bai koma Wurno ba. Wani maƙeri cikinmu ya sauke shi a Rabah, daga baya muka kwaso masa tukwanensa a kan jaki. Wan mamaci ya karɓi gona, ya ba Bafillace kwana bakwai ya tashi. Mu huɗu muka je muka taya Bafillace kwance bukka, muka kora shanun zuwa Kagara, inda wani namu yake da fili. A Rabah muka ci gaba da taruwa, amma ba mu ƙara kaiwa goma ba. Wasu tsoro ya hana su, ban kuwa ga laifinsu ba.

Labari ya riga ni isa gida. Mai unguwa ya kira ni ya yi mini faɗa a zaure, ya ce albarkacin mahaifina ne ya sa maganar za ta tsaya a nan. A rumfa, masaƙin da muka shekara takwas gefe da gefe ya matsar da masaƙarsa can ƙarshe. Masu neman 'yata suka ɗauke ƙafa, sai bayan shekara biyu ta yi aure a wani gari.

Kwana uku matata tana harkokinta kamar kullum. Ran na huɗu da rana ina cin tuwo, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake.

“An ce ka ba da shaida Taloka.”

“Na ba da.”

“Gaskiya kaf faɗi?”

“Gaskiya.”

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na jira tambaya ta gaba, tuwon ya huce a hannuna. Ba ta yi ta ba, ran nan ko bayansa. Mun ƙara shekara ashirin da wani abu tare, har Allah ya karɓi ranta, ban san iyakar abin da ta sani ba.