Sujadar Baba

Shekarar da ciwon kunci ya kama Baba, ya dage haƙori ne, wai sai wanzami ya cire shi. Inna ta hana, muka kai shi gidan likita a Cadawa.

Majo mai duba marasa lafiya ya ƙwanƙwasa haƙoran, babu mai zafi. Ya tambayi Baba ko ciwon na ƙaruwa in ya duƙa. Baba ya ce bai lura ba.

Inna ta ce, "Tun da ya yi mura ya daina daɗewa a sujada."

Ashe majina ce ta taru cikin kogon ƙashin kunci. Aka ba shi magani.

Muna komawa bisa amalanken jaki, Baba ya ce, "Wato kallona kike in ina salla."

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Malam, kula da jakin."