Wa zai kai sunan Antuwan?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da abokina Antuwan, mai gyaran keke a Zango, ya tafi ya bar ni da taya faci. Ni musulmi ne, lakwal kuma, wato makarantar boko, aji uku na yi aka ga ban dace da ita ba. Saboda haka masu ilimi su yi haƙuri, yau ni zan yi tarihin coci.

Antuwan jikan mutanen Dahome ne, amma a Damagaram aka yanke cibiyarsa. Ɗan Katolika ne, na wajen su Mompe, kamar yadda suke kiran limaminsu. Matarsa Rahila, daga wajen garin Dogo, ƴar cocin pasto ce. Suka yi aure, kowa ya riƙe cocinsa. Ran Lahadi ya goya ta a keke ya sauke ta a nata, sannan ya wuce nasa a makare. Nakan ce masa, “Ɗan Dahome, ku da kuke da Annabi Isa ɗaya, me ya kai ku ƙofa biyu?” Ya ce, “Mamman, kai da abokinka na Tijjaniyya masallaci ɗaya kuke?” Sai in nemi wata hira.

Bara wata malama daga iniwarsite ta zo da hotunan tsofaffin takardun mishan da aka adana a Turai, tana binciken zaman cocin biyu a garin nan. Ta karanta mini auren abokina. Mompe na lokacin ya rubuta cewa ƴan pasto sun ja masa tunkiya guda. Su kuma suka aika gida cewa Roma ta ɗauke musu ɗiya. Ba wanda ya rubuta sunan ango ko na amarya, ni ne na gane su daga shekarar. Da Antuwan ya ji, da ya ce ai shi rago ne, a gyara. Na yi dariya.

Ga inda abin ya ɗaure. Ƴan Katolika suna yi wa mamaci addu'a, a watan Nuwamba ana kai sunaye a karanta. Ƴan pasto ba sa yi, sun ce wanda ya tafi ya gama lissafinsa. Duk da haka Rahila kowace shekara takan lallaɓa cocin da ba nata ba, ta kai sunan mijinta. Bana ƙafa ta ƙi. Ɗansu Yakubu dattijo ne a cocin uwarsa, ya ce, “Baba Mamman, in na kai, me zan faɗa wa jama'ata?” Rahila ta dube ni daga kan tabarma ta ce, “Yaya, saura kai.”

Na tambayi limaminmu. Ya ce zumunci halal ne, amma roƙa masa gafara ba nawa ba ne. Ban yi gardama ba. Mutum ya yi zaman lafiya da addini kashi uku, ya mutu, an rasa bakin da zai ce masa Allah ya ji ƙai.

Na hau kabu-kabu na tafi. Mompe na yanzu baƙo ne, bai taɓa jin Antuwan ba, littattafan baftisma kuma sun tafi a shekarar da aka ƙona coci. Ya karɓi sunan da mutunci, ya ce in shiga in zauna. Na ce a'a, nan gindin itacen bedi ya ishe ni. Da Faransanci aka karanta sunayen, ina saurare ta bayan bango, ni kuwa kunnena ya tsufa.

Abin da ya rage na abokina a duniya ke nan: tsohuwa da ba ta iya tashi, da tsoho da ba ya iya shiga. Baɗi ban san wanda zai kai ba.

Da na koma, Rahila ta ce, “An kira shi?”

Na ce, “Na dai ji an ce amin.”