Harsashinmu a Gwangwanin Kamfani

Wata Juma'a bayan Babbar Sallah, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na tsaya a rairayin bayan gari ina kallon Kawu Bashari, ƙanin Inna, yana kaɗe murafan kwalba da saktun, bindigar iskar nan da ake gasar harbi da ita. Goma ya harba, goma suka tashi. Kamar in yi tsalle don daɗi, domin duk harsashin da ya ɗura sai da ya bi ta hannuna.

A Ruwais muke zaune, can bakin teku a ƙasar Larabawa, Baba kuma yana gyaran inji a tashar jiragen ruwa. Shi ya ƙera ɗan mazubi na tagulla, ya ce sai mun yi harsashin da zai zo ɗaya da na kamfani. Wata uku muna hawa saman bene bayan la'asar, shi yana narka dalmar da masunta suka yar, ni ina awo, don idonsa ya fara rauni. Mizanin zinaren Inna muka ara: na kamfani a gefe ɗaya, namu a ɗaya gefen, wanda ya rinjaya ko da ƙwayar gero ce ya koma wuta. Yara na ƙasa suna buga ƙwallo suna ƙwala mini kira, ni ko ina can da yatsu baƙi ƙirin. Baba yakan ce, "Ba kusa muke nema ba, daidai muke nema." Abokan aikinsa sun sha yi masa dariya, wai makanike zai ja da Turawa. Kawu kuwa har da rantsuwa, in ya ci gasa da namu, a gabansu zai faɗi sunan mai aikin.

Da safen ranar gasar na ga Kawu ya juye harsashin namu a tsohon gwangwanin kamfani, wai ya fi daɗin ɗauka. Yarinta! Ban kawo komai a raina ba.

Da aka miƙa masa igiyar ragon da ya ci a gasar, shugaban su Baba a wurin aiki ya ce, "Ya Bashari, harsashin nan daga ina?" Kawu ya ɗaga gwangwanin sama. "Na kamfani ne, asli. Na gida ai sai harbin ƙadangare." Aka kwashe da dariya, Baba na tsaye taku uku daga gare shi. Wani ma ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa, ya ce ai da gani, aikin Turai daban ne. Na buɗe baki, Baba ya matse mini kafaɗa har sai da na ji zafi.

A mota ina kuka Baba ya ce, "Halas, ya isa. Ba ka ga ba wanda ya bambance ba? Ai mun ci." Amma bai ƙara hawa benen nan ba. Kawu ya aiko da cinyar rago, wallahi ko romon ban taɓa ba.

Yanzu ta waya ake sayen harsashi a kawo har ƙofa, ba mai zama yana auna dalma. Mazubin na nan wurina, ya yi tsanwa. Kawu ya tsufa, duk Sallah ina zuwa in sumbaci kansa, ina jiran ya ce wani abu, shiru. Baba ya rasu abokansa na ganin ya gwada ya kasa, alhali da idonsu suka ga aikinsa suka yaba wa wani.