Duk Sanda Gwaggo Ta Taka Keke

Shekara ashirin da bakwai Gwaggo Tela tana ɗinki a ɗakin ƙuryar gida, kuma ba ta yarda da abin da idonta bai gani ba. Ko zare aka kawo mata sai ta ja shi da haƙori. Wai wannan matar ce aka zarga da ba da ɗinki a waje!

Mai zargin Hajiyar Shago ce, wadda ke ɗaukar rabin kayanta. Ta ce ɗinkin ya sauya hannu, sai ta ga aikin a kiran bidiyo. To wayifai ɗin gidan a falo yake, bango uku tsakaninsa da Gwaggo, kafin ya iso ya sume.

Mijin 'yar Gwaggo ya kawo wasu 'yan akwatuna biyu. Ya ce a cusa ɗaya a soket ɗin falo, ɗaya a nata, intanet ya bi wayar wuta.

"Wayar wuta? Ɗan nan, sakarai ka mai da ni?"

"Wallahi Gwaggo, ba fasa bango, ba ƙura."

Abin ya yi aiki kuwa, hoto tas. Amma da Hajiya ta ce "To taka mu gani," Gwaggo ta taka keke, hoto ya daskare. Ta ɗaga ƙafa, ya dawo. Har sau uku.

"Daga na ce ki ɗinka sai waya ta lalace? Gwaggo, in akwai mai yi miki, ki faɗa kawai." Ta ba ta zuwa Laraba, ko ta nemi wata telar.

Gwaggo ta zargi maƙwabciya da janye mata sabis. Ta zargi surukin da sayo jabu, har gaisuwarsa ta daina amsawa. Sai da mai gyaran wuta ya zo ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga keke da dutsen guga da akwatin duk an jona su a soket guda.

"Gwaggo, ɓarawon naki yana ƙarƙashin ƙafarki. Injin keken ne ke hargitsa wayar."

"Kai ma aiki kake nema."

"Nema nake mana! Amma wayifai ba ya ƙetare bangon nan, akwati ba ya shiri da kekenki. A ja kebul daga falo, a sa miki ƙaramin wayifai a nan."

Kebul dai ana ganinsa, ana taɓa shi, don haka ta yarda. Ta tsaya a kansa da tef ɗin awo a wuya yana kafa ƙusoshi, ta sa ya ware wata kwana da ta karkace.

Ranar Laraba ta jingina waya da gwangwanin maɓallai, ta ɗinke wuyan riga daga farko har ƙarshe, hoto ko gezau.

Hajiya ta yi gyaran murya. "Ai ni da ma ban ce..."

"Kin ce. Aiko da yadin, ki haɗo da ban haƙuri."