Ranar da muka bar Haruna a bakin wuta

Safiyar babbar Sallah ce, da sanyi. Muka dawo daga idi, muka yanka raguna a bayan gidan da nake haya a McLeansville, nan ƙasar Turawa. Ni na ce a zo wurina, akwai fili. Muka tsire su a sanduna kewaye da wuta, irin na gida Damagaram. Haruna, abokina tun ƙuruciya, direban tasi a Glenwood, shi ke juya su. Matarsa Rakiya na gida da ɗanyen goyo.

Maƙwabcina Nasara ne, maharbin barewa. Ana saura mako Sallah ya kira ni barandarsa, ya nuna mini sabon madubin bindigarsa. Ka leƙa, ka danna maɓalli, hasken leza ya auno maka nisa. Ya saita bishiyar bayan gidana, lamba ta fito, yadi ɗari da tamanin. Ni sarkin surutu har da tafi. Na ce masa ai nan za mu hura wutar Sallah. Wallahi da bakina na faɗa.

Ranar Sallah da hantsi ya fito yana zagi, wai hayaƙi, wai jini. Haruna ya ce mu kashe wutar. Na ce haba, cinya guda in na kai masa gobe ya huce.

Muna sallame azahar sai ƙara, tau! Na ɗauka itace ne ya fashe a wuta. Ta biyu ta tsinke sanda, rago ya kife cikin garwashi. A ta uku Haruna ya zauna daɓas, hannunsa dafe da cikinsa.

"Ku kwanta!" in ji wani.

"Mota! Mota!"

Na suri 'yata, na ja uwarta. Muka bi ta lambatu da rarrafe har mota, kayan Sallah duk taɓo. Haruna ya kira sunana. Ya sake kira. Na ji shi sarai, ban juya ba.

Sai a gidan mai na tsaya na kira 'yan sanda. Kafin la'asar sun kama mutumin, yana zaune a barandarsa. Haruna bai kai asibiti ba.

Mu tara muka yi idi tare. Da magariba ni kaɗai na ƙwanƙwasa ƙofar Rakiya. Ta buɗe da goyo a baya da roba wankakkiya a hannu, wadda za ta zuba nama a ciki. Ta leƙa bayana tana neman mijinta.